Darasin da Na Tsallake

Sunaye uku ne ba na faɗa a duniya. Na farko sunan maigidana, na biyu sunan ɗana na fari, na uku sunan surukata, uwar mijina. Haka na taso na ga uwata tana yi, haka ita ma ta gani wurin tata uwar, kuma hawa jirgi zuwa Dubai bai canza mini komai ba. Tun da kuwa akwai sunan da ba zan iya rubutawa a nan ba, to ba zan rubuta na kowa ba, don ba na son aiki rabi da rabi. Mai karatu ya yi haƙuri, zai gane kowa da siffarsa.

Muna zaune a International City, hawa na biyu, cikin gidajen nan masu kama ɗaya waɗanda sai ka ƙirga kafin ka gane naka. Maigida yana aiki a wani sito a Al Quoz, yana kula da shigar kaya da fitarsu. Ni karatuna bai yi nisa ba. Firamare na gama, sai Islamiyyar matan aure da na yi shekara shida a Kano. Amma ɗan abin da na koya na riƙe shi da tsari. Shi ya sa da matan Hausawan unguwar suka nemi mai yi musu karatun Asabar, suka wuce masu digiri suka ƙwanƙwasa ƙofata.

Mu tara ne, a falona, bayan La'asar. Dokokina kowa ta san su. Takalma a jere a bakin ƙofa, wadda ta riga zuwa nata ne a dama. Wayoyi a cikin kwandon roba. Mai tambaya ta ɗaga hannu. Shayi sai bayan addu'ar rufewa. Wasu sun yi ƙorafi da farko, amma babu wadda ta fasa zuwa. Ni kuma, gaskiya, wannan Asabar ɗin ita ce rayuwata a garin nan. Sauran kwanaki shida ina kallon motoci ne ta taga.

Mun gama tsarki, mun gama sallah, mun gama azumi. Sai matan suka ce suna son tarihin manyan matan farkon Musulunci, matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa da sahabbai mata. Na ji daɗin zaɓin. Nan take na kafa sabuwar doka, da bakina, gaban kowa: kowane darasi Malama za ta buɗe shi da cikakken sunan baiwar Allah da na mahaifinta, sau uku, ɗalibai suna maimaitawa. Na ce wanda ba ka riƙe sunansa ba, ba ka riƙe tarihinsa ba.

Washegari na ɗauki littafin rubutu na ja layi, na jera lambobi. Na rubuta ɗaya, na sa aya, sai hannuna ya tsaya. Matar Annabi ta farko, wadda ta riga kowa yin imani da shi, sunanta ɗaya da surukata.

Na daɗe ina kallon takardar. Daga ƙarshe na bar layin fari babu komai, na sauka na biyu.

Ranar Asabar na ce, "Yau za mu fara da lamba ta biyu. Za mu dawo ga ta ɗaya."

Suka gyara zama, don sun saba ba a tambayata dalili. Muka yi ta biyu, doguwar matar nan mai fara'a da ban dariya. Muka yi malamar da manyan sahabbai ke zuwa bayan labule suna ɗaukar karatu a wurinta. Muka yi wadda aka ajiye rubutaccen Alƙur'ani a ɗakinta, da wadda ta ba da shawarar da ta warware damuwar Musulmi ranar sulhu. Muka yi mai jima fata da hannunta ta sayar ta yi sadaka. Muka fita daga gidan Annabi muka yi wadda ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin hijira, da wadda ta kafa tanti tana jinyar masu rauni. Mako goma sha ɗaya, komai yana tafiya lamba bayan lamba, layin fari yana nan fari fat.

A cikin ɗalibaina akwai biyu da ya kamata a sani. Ɗaya 'yar Maraɗi ce, muna ce mata Madam. Tana da ɗan ofis a Al Ras, tana tura kwantena ta yadi da kayan ƙamshi zuwa gida, maza huɗu suna aiki a ƙarƙashinta. Ɗayar kuma yarinya ce 'yar Kaduna, tana ba da magani a wani asibiti, muna ce mata Likita ko da yake ta gaji da gaya mana ba likita ba ce.

Madam tana da buƙata da darasi na ɗaya. Yayyenta maza a Maraɗi sun dame ta da waya, wai bai dace mace ta riƙa ɗaukar maza aiki tana aika su da dukiya ba. Ta san matar Annabi ta farko haka ta yi, amma tana son ta ji shi daki-daki daga bakin Malama, don ta samu abin da za ta cika musu kunne da shi.

A mako na goma sha biyu ta ɗaga hannu.

"Malama, ina da tambaya kan lissafi. Ku a Kano daga biyu kuke fara ƙirga?"

"Na ce za mu dawo."

"Bon, to yaushe? Kwantenata biyu sun je Kwatano sun sauke tun da kika ce za mu dawo."

Likita ta dube ni ta ƙasan tabarau, sai na ga bakinta yana motsi. Ita ta taɓa taya maigida cike takardun biza na mahaifiyarsa, don haka ta ga fasfo.

Ta ce, "Malama, ba sunan Hajiyarku ba ne kuwa?"

Falon ya ɗauki dariya. Madam har da buga cinya. Na buga biro a kan littafi sau uku kafin aka yi shiru. Na ce wannan ba abin dariya ba ne, kunya ce, kuma kunya tana cikin imani.

Likita ta ce, cikin ladabi, "Haka ne, Malama. Amma ɓoye suna al'ada ce. Sahabbai mata suna kiran sunayen junansu."

Na san ta yi gaskiya. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Na ce to zan yi darasin, in ce "Uwar Muminai ta farko."

Madam ta ce, "A'a. Cikakken suna, da na mahaifi, sau uku. Wa ya kafa dokar? Ni na kafa?" Ta gyara mayafi ta ci gaba. "Malama, khalas, magana ta ƙare. Asabar mai zuwa ko dai darasi na ɗaya da sunansa, ko kuma mu koma gidan Likita. Tana da babbar talabijin, a kunna mana malami daga waya, shi ba shi da suruka."

Na duba fuskokin sauran. Babu wadda ta ce a'a. Wata ma ta yi ƙasa da murya tana tambayar ko a gidan Likita ana shan shayi tun farko.

Kwana bakwai gare ni, na kuwa tsara su. Lahadi na tsaya gaban madubin banɗaki na rufe ƙofa. Na buɗe baki, harafin farko ya zo maƙogwaro ya koma. Ji nake kamar Hajiya tana tsaye bayan labulen wanka. Litinin na gwada rubutawa, da niyyar in ɗaga takarda a nuna musu, sai na tuna dokar ta ce faɗa, ba nunawa ba. Talata na shiga bas na je babbar kasuwar 'yan Caina da ke kusa da mu. Na ce a raina, nan babu mai jin Hausa, babu wanda ya san Hajiya. Na tsaya tsakanin shagon fitilu da na labule na ja numfashi. Wata 'yar Caina ta ga bakina a buɗe, ta miƙo mini kujera da ruwa, tana tsammanin asma ce.

Laraba na kai ƙara wurin maigida.

Na ce, "Malam, ka ba ni izini in faɗi sunan Hajiya, don karatu."

Ya ajiye cokali. "Wane sunan?"

"Sunanta."

"To ki faɗa mana, ni na hana ki?"

"Kai fara faɗa in ji."

Ya ɗauki cokalinsa ya ce miyar ta yi gishiri. Shekara hamsin da wani abu, shi ma bai taɓa faɗa ba. Sai da ya cinye tuwon sannan ya ƙara da cewa kada in manta gobe Alhamis jirgin Hajiya zai sauka.

Ban manta ba. Yana rubuce a kalandata tun wata biyu, za ta zo a duba mata gwiwa. Abin da ban yi ba shi ne haɗa wannan shafin da wancan. Ashe Asabar ɗin da za a yanke mini hukunci, mai sunan tana kwance a ɗakin baƙi, taku shida daga falona.

Hajiya tsohuwa ce gajera, mai kaifin ido, ta haura saba'in. Shekara ashirin da biyu da aurena, har yau Amarya take ce mini. Ta sauka da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa, ta zaga gidan da sandarta, ta ce ɗakunan kamar akwatin ashana amma ba laifi, akwai tsabta. Daga bakinta wannan babban yabo ne.

Juma'a na shirya dabara. Na ce wa maigida gobe bayan Azahar ya kai ta yawo ta ga gari, kada su dawo sai Magariba. Ya yarda. Da aka gaya mata sai ta ce, "Da wace gwiwar? Na zo gyara, ku ƙarasa ta?" Ta juyo gare ni. "Amarya, na ji an ce karatu kike yi wa mata. Da ni za a yi. In ga abin da kike koya wa 'ya'yan mutane."

Asabar ta zo. Takalma goma a bakin ƙofa, na Hajiya a dama don ta riga kowa. Ta zauna a kujerar kusa da ni ta miƙe ƙafa. Matan suka durƙusa suka gaishe ta ɗaya bayan ɗaya. Madam ta gaishe ta har sau biyu, tana satar kallona, fuskarta kamar wadda kayanta suka fito daga kwastan lafiya.

Na yi addu'ar buɗewa. Na ja ta fiye da kullum. Na buɗe littafi. Na ce, "Darasi na ɗaya." Na gyara zama. Na ce, "Sunanta."

Na tsaya nan. Ana jin na'urar sanyaya ɗaki, ana jin maƙwabcinmu Bafaƙistane yana jan kujera a sama.

Hajiya ta ce, "Amarya, me ya tsaya?"

Na ƙara riƙe littafin. Madam ta ɗaga hannu, wannan karon har da ladabi, ta zayyana mata komai: dokar, da layin da aka bari, da mako goma sha biyu, da talabijin ɗin Likita. Na sunkuyar da kai ina jiran ɗaya daga cikin biyu. Ko ta ce in faɗa, in kasa, aji ya watse. Ko in faɗa a gabanta, in rasa idon da zan ƙara kallonta da shi.

Hajiya ta dube ni ta daɗe. Sannan ta dubi Madam.

"Ke 'yar nan, dokar cewa ta yi lalle sai daga bakinta?"

Madam ta ce, "Cewa ta yi Malama za ta buɗe."

"To yau ni ce Malama a wannan layin. Ai sunana ne. Ubana ya yanka rago a kansa tun ba a haifi uwarki ba."

Ta dafa sanda ta gyara murya, ta faɗi sunan, da na mahaifin baiwar Allah, da ƙarfi, sau uku. Matan suka maimaita. Ni na motsa leɓe kawai.

Ta ce, "Ci gaba, Amarya. Duk inda kika zo wurin, ki dube ni."

Haka muka yi. Na ce a garin Makka akwai wata mace mai daraja da dukiya, sai in dube ta, ta cika. Na ce tana ɗaukar maza aiki su kai mata haja ƙasar Sham. Madam ta ce, "Malama, shuwayya, a hankali, maimaita nan wurin," tana rubutawa a bayan takardar kago ta kwantenarta. Na faɗi yadda ta ji labarin gaskiyar Annabi da amanarsa ta ba shi kayanta, da yadda ta aika ƙawarta ta yi maganar aure. Nan Hajiya ta buga sanda.

"Ita ta aika! Kun ji ko? Ni ma da mijina na fari ya rasu ina saye da sayar da gyaɗa, ni na aika aka yi wa uban mijin Amarya magana. Shi yake kai mini buhuna Kano. Sai dai shi ba a yi masa shaida da komai ba sai barci."

Shekara ashirin da biyu ban taɓa jin wannan ba. Na tabbata ɗanta ma bai sani ba. Aji ya rikice da dariya, na buga biro.

Daga nan matsala ta canza kama. Hajiya ta ji daɗin zama Malama. Ina bayanin ranar da wahayi ya fara sauka, ya dawo gida jikinsa yana rawa, ta lulluɓe shi ta kwantar masa da hankali tana tuna masa kyawawan halayensa, sai Hajiya ta tsallaka can gaba.

"Bayan ta rasu fa, in ya yanka akuya, sai ya aika wa ƙawayenta nama. Wannan wurin na fi so."

Wannan yana lamba ta bakwai a tsarin da na yi wa darasin ranar. Muna ta huɗu. Tsakani akwai zuwa wurin ɗan'uwanta masani, akwai shekarun da aka tsare Musulmi a kwari ta ƙarar da dukiyarta a kansu. Matan duk suka zuba mini ido. Wani abu a cikina ya fi kunya ƙarfi.

Na ce, "Hajiya, Allah ya ƙara miki lafiya, wannan yana lamba ta bakwai. Kuma mai magana tana ɗaga hannu."

Likita ta rufe baki da mayafi. Hajiya ta ƙura mini ido. Ta juya ga Madam ta ce, "Kin gani? Sunana ba ta iya faɗa, amma ta iya hana ni magana." Sai ta ɗaga hannu, ta bar shi a sama tun daga lamba ta huɗu har ta bakwai, tana canza shi in ya gaji. Da muka iso na ce, "Bismillah, Hajiya." Ta ba da labarin naman da kanta, ta fi ni iyawa.

Na rufe da bisharar da aka yi mata ta gida a Aljanna wanda babu hayaniya a cikinsa babu wahala. Daidai lokacin maƙwabcin sama ya sake jan kujerarsa. Madam ta ɗaga kai ta ce, "Allah ka ba mu ko ɗakin baƙi ne a unguwar." Aka ce amin da gaske.

Wurin shan shayi babu wadda ta ƙara ambatar talabijin. Madam ta tafi da takardarta cike gaba da baya. Daga baya ta gaya mini ta karanta wa babban yayanta ita a waya, tun daga sama har ƙasa, ya ce shi dama bai ce haramun ba ne.

Saura abu ɗaya. Dubai gari ne na masu zuwa da masu tafiya. Duk shekara wasu bizarsu ta ƙare, sababbi su zo, dole a koma darasi na ɗaya. Hajiya kuwa mako uku za ta yi. Likita ce ta kawo shawara. Ranar da za a kai Hajiya filin jirgi, ta zaunar da ita ta kara mata wayata a baki. Hajiya ta faɗi sunan sau uku, tana barin fili tsakani don masu maimaitawa. Ba ta san ba a kashe ba, sai ta ƙara da cewa, "Amarya, ya ɗauku?"

Likita ta ce za ta yanke wannan ƙarshen. Na ce ta bar shi.

Hajiya ta rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙanta. Ajin yana nan a falona, yanzu mu goma sha uku ne. Dokar waya tana nan, amma na yi mata gyara ɗaya a rubuce: ranar darasi na ɗaya, wayar Malama ba ta shiga kwando. In buɗe littafi, in ce "Sunanta," in danna. Muryar ta fito, matan su maimaita sau uku. Sannan ta yi tambayarta, su kuma, har da waɗanda ba su taɓa ganinta ba, su amsa gaba ɗaya, "Ya ɗauku, Hajiya."

Da Babbar Sallah kuma nakan sa a yanka akuya a garinsu, a raba wa ƙawayenta uku da suka rage. Na rubuta su a jere, babba a sama. Layin fari na littafina har yanzu babu komai a kansa.